Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Tarin Auta

Makon jiya na tsaya a inda muka tare a Ɗorayi. Ba mu cika wata biyu ba Auta ya fara tari, yana ɗan shekara 6. Da rana lafiya ƙalau, har ƙwallo yake bugawa a lungu. Amma da ya kwanta, can tsakar dare, sai busasshen tari ya turnuƙe shi har ya tashi zaune yana haki. Da safe murya a dashe, yana ta gyaran murya kamar dattijo.

Muka ce hunturu ne. Hazo ya wuce, zafi ya shigo, tari yana nan. Kwalaben maganin tari na kemis kuwa sun cika bayan madubina. Surukata ta leƙa bakinsa ta ce, "Ke 'yar nan, belu ne, a kira wanzami." Na durƙusa na ce, "Hajiya, a yi mini haƙuri zuwa Litinin." Har yau ina gode wa Allah da ta yarda.

A Asibitin Malam Aminu Kano aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka duba tarin fuka da asma, babu ko ɗaya. Sai likita ta haska bakinsa, ta daɗe tana kallon haƙoransa na ciki, saman ya zaizaye. Ta tambaye ni ƙarfe nawa yake cin abincin dare. Na ce bayan Isha, idan babansu ya dawo daga Kantin Kwari. Taliya da manja da yaji, wani lokacin da lemon kwalba, kuma a kan tabarmar da ya ci barci ke ɗauke shi.

Ta ce tana zargin ruwan tsamin ciki ne ke tasowa. Na ce, "Likita, ai bai taɓa kukan ƙwannafi ba." Ta ce yara da yawa ba sa iya faɗa. Akwai wani nama a bakin tumbi da ke tsukewa bayan abinci ya wuce. Idan ya saki, yaro kuma yana kwance da cikakken ciki, tsamin ya hauro har maƙogwaro, ya ƙona wurin murya, ya ci haƙori, wani yaron har numfashinsa ya riƙa yin ƙara kamar fito. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin da hannuna nake zuba masa yajin nan.

Ta rubuta omeprazole, maganin rage tsamin ciki, na mako 8, kafin karin kumallo, ta ce idan bai yi sauƙi ba za a sake bincike. Abincin dare ya dawo kafin Magariba, aka ɗaga kan gadonsa da bulo biyu.

A dare na tara na farka ƙarfe uku kamar yadda na saba, na ji shiru. Na tashi da gudu na ɗora hannu a ƙirjinsa. Barci yake yi.

Wanzamin dai Hajiya ta riga ta aika masa. Wannan sai mako mai zuwa.