Hunturu a Arewacin Shikago: Abin da Hasashe Ke Faɗa da Abin da Sanyi Ke Lalatawa

A tsakiyar Oktoba na kowace shekara hukumar NOAA, mai kula da yanayi a Amurka, takan fitar da taswirar abin da take tsammani daga Disamba zuwa Fabrairu. Da zarar ta fito, mazauna garuruwan da ke arewa da Shikago, su Evanston, Skokie, Highland Park, Gurnee da Waukegan, sai su shiga tambayar juna ko bana za a sha dusar ƙanƙara. Taswirar nan ba ta amsa wannan tambaya, kuma ba a yi ta don haka ba. Babu inda take faɗin yawan dusar da za ta sauka. Abin da masana ke yi shi ne su ɗauki hunturun shekaru 30, daga 1991 zuwa 2020, su kasa shi uku: masu sanyi, matsakaita, da masu sauƙi. Kowane kaso yana da damar ɗaya bisa uku. Idan ka ga an shafa wa arewacin Illinois, jihar da Shikago take ciki, launin da ke nufin kashi 40 cikin ɗari na yiwuwar sanyi fiye da yadda aka saba, to saura kashi 60 na nan suna cewa ba lallai ba ne. Rinjaye ne ɗan kaɗan, ba alkawari ba.

Babban abin da ake dogara da shi wajen zana taswirar shi ne zafin ruwan tekun Fasifik a kusa da tsakiyar duniya. Idan ya sauka ƙasa da yadda aka saba da rabin digiri na Selshiyos ko fiye na tsawon watanni, ana cewa La Niña ce, kuma galibi takan kawo ƙarin ruwa da dusa a yankin manyan tafkunan arewacin Amurka, inda Shikago take. Idan ya hau, El Niño ce, hunturun arewacin Amurka yakan yi sauƙi. Amma dubi abin da ya faru a shekaru biyu a jere da duk La Niña ce. A hunturun 2010 zuwa 2011 an auna kusan inci 58 na dusa a filin jirgin O'Hare na Shikago. A na 2011 zuwa 2012 ko inci 20 ba a samu ba. Matsakaicin shekara kuwa inci 38.4 ne, wajen santimita 97. Wanda ya ƙi gyara injin ɗumama gidansa don an ce bana da sauƙi ya yi ganganci, domin ɓarnar hunturu ba a matsakaicin wata uku take ba. A kwana uku ko huɗu take, kuma ba a ganin waɗannan kwanaki da kyau sai saura mako guda ko ƙasa da haka.

Tarihin garin ma haka ya nuna. A ranakun 26 da 27 ga Janairun 1967 inci 23 suka sauka a zubi ɗaya, kwana biyu kacal bayan an yi ɗumi kamar na bazara. A farkon Janairun 1999 an sami inci 21.6. A farkon Fabrairun 2011 aka sake samun sama da inci 20, har ɗaruruwan motoci suka maƙale a titin bakin tafki, mutane suka bar su a nan.

Wanda ke zaune a arewacin birnin yana da wani abu da ya kamata ya lura da shi fiye da kowa, wato nisan gidansa da tafkin Michigan. A watan Nuwamba da farkon Disamba ruwan tafkin yana riƙe da sauran ɗumin bazara, saboda haka in iska ta buso daga gabas, sai a yi ruwan sama ko dusa mai jiƙa a Wilmette da ke bakin tafkin, a daidai lokacin da Libertyville, mil kaɗan cikin tudu, ke tara dusa sosai. Daga baya kuma lamarin yakan juya. Idan iska mai tsananin sanyi ta ratsa saman ruwan da bai daskare ba, takan ɗebi tururi ta zubar da shi dusa a gaɓar da ta fuskanta. Sharaɗin da masana ke dubawa shi ne ruwan ya fi iskar da ke sama da shi, a tsayin kamar kilomita ɗaya da rabi, ɗumi da digiri 13 na Selshiyos ko fiye. Yawancin lokaci iskar daga yamma ko arewa maso yamma take, don haka jihar Michigan da arewa maso yammacin Indiana ne ke ɗaukar kayan. Amma ranar da mai hasashe ya ce iska za ta juya arewa maso gabas, to mutanen gaɓar Illinois su kasa kunne. Irin wannan dusa a siririn layi take zuwa, faɗinsa wani lokaci bai wuce mil goma ba, tana iya zuba inci biyu ko uku a awa guda a wata unguwa, maƙwabciyarta kuma rana na haskawa. Ba kuskuren mai hasashe ba ne idan ya ce daga inci biyu zuwa takwas. Layin ne ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Inda guguwa ta taso shi ma yana gaya maka irin aikin da ke jiranka. Wadda ta gangaro daga lardin Alberta na Kanada mai sauri ce, ba ta ɗauke da ruwa da yawa, inci ɗaya zuwa uku na dusa mai laushi kamar gari, sai dai sanyi da iska na biye da ita. Wadda ta taso daga wajen Colorado ko arewacin Texas ta lanƙwaso, ta sha tururin tekun Meziko a hanya, ita ce mai nauyi. A ƙa'ida inci ɗaya na ruwa yakan ba da inci goma na dusa. Cikin tsananin sanyi yana iya ba da ashirin, kusa da ma'aunin daskarewa kuma biyar ko shida. Wannan ta ƙarshen ce ke karya rassan itatuwa, ta tsinka wayoyin lantarki, ta kuma kai masu shebur asibiti.

Ofishin hukumar yanayi da ke garin Romeoville, kusa da Shikago, ne ke fitar da sanarwa ga yankin, kuma mataki-mataki ne. Akwai ta jan hankali, wadda ke zuwa kwana ɗaya ko biyu kafin guguwa, ma'anarta mai yiwuwa ne, a shirya. Akwai ta gargaɗi, ma'anarta abin ya zo ko yana gab da zuwa. Guguwar da ake yi wa gargaɗi mafi girma ba da yawan dusa ake auna ta ba: iska ce mai gudun mil 35 a awa, da rashin ganin abin da ya wuce rubu'in mil, na tsawon awa uku.

Alƙaluman da ake faɗa a talabijin na Farenhait ne, kuma ya kamata a riƙe guda uku a ka. Digiri 32 shi ne daskarewar ruwa. Sifiri daidai yake da kusan 18 ƙasa da sifiri a Selshiyos. A 40 ƙasa da sifiri ma'aunan biyu suke haɗuwa. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Shikago shi ne 27 ƙasa da sifiri, ranar 20 ga Janairun 1985. A ƙarshen Janairun 2019, da iskar doron arewa ta ɓalle ta gangaro kudu, an kai 23 ƙasa da sifiri, da iska kuma jiki na jin kamar 50 ƙasa da sifiri. Idan sanyin da jiki ke ji ya kai wajen 20 ƙasa da sifiri, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 30, kunne da hanci da yatsu ne kan gaba. Wurin yakan yi fari ya mutu da ji. Ba a murza shi, ba a kanga shi a wuta, sai a tsoma a ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, a nemi likita.

A cikin gida, bututun ruwa ne abin tsoro na farko. Ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, amma ba a inda ƙanƙarar take bututu ya fi fashewa ba. Ƙanƙarar takan toshe hanya, ta yi ta matsa ruwan da ya rage tsakaninta da famfon da ke rufe, har ƙarfe ko roba ya tsage. Shi ya sa barin famfo yana ɗiga ke aiki: yana sauke matsin. Haɗarin yana farawa ne idan waje ya sauka ƙasa da digiri 20, musamman ga bututun da ke bangon waje, da gareji, da ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Kafin Nuwamba a cire tiyon ban ruwa daga famfon waje, a rufe makullinsa na ciki, a buɗe na wajen ruwan ya tsiyaye. Tiyon da aka bari a haɗe yakan riƙe ruwa a cikin famfon, ya tsage cikin bango ba wanda ya sani, sai bazara in an buɗe. A daren tsananin sanyi a buɗe ƙofofin kabad ɗin da bututu ke ciki. Mai tafiya kada ya sauke ɗumin gida ƙasa da 55. Kowa a gidan kuma ya san inda babban makullin ruwa yake, yawanci kusa da mita a ɗakin ƙasa. In bututu ya daskare, na'urar busar da gashi ta isa, a fara daga wajen famfo a bi baya. Harshen wuta kam a'a.

Abin da na fi so mutane su ji shi ne maganar injin ɗumama gida. Sababbin injunan gas ba ta rufi suke fitar da hayaƙi ba, ta fararen bututun roba guda biyu ne a gefen gida, ƙafa ɗaya ko biyu daga ƙasa. Iska tana tara dusa a kansu. In sun toshe, ko dai injin ya kashe kansa tsakar dare, ko kuma iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta dawo cikin gida. Bayan kowace dusa mai yawa a zagaya a share bakinsu, da na injin busar da tufafi, da kan mitar gas. Dokar Illinois tun 2007 ta wajabta na'urar gano wannan iska a cikin ƙafa 15 daga kowane ɗakin kwana. A gwada ta, a sauya batir. In an ɗauke wuta, janareta a waje yake zama, ƙafa 20 daga gida, ba a gareji ba ko da ƙofar a buɗe take. Ba a ɗumama ɗaki da murhun girki ko gawayi.

Dogayen ƙanƙarar da ke reto a bakin rufi alama ce cewa ɗumi na tserewa ta silin. Yana narkar da dusar da ke sama, ruwan ya gangaro bakin rufi inda yake da sanyi, ya daskare ya zama shinge, na bayansa ya taru ya bi ƙarƙashin rufin ya ɓullo a bango. Maganin gaggawa shi ne a janye dusar ƙafa uku ko huɗu na bakin rufi da doguwar majanya, ana tsaye a ƙasa. Maganin dindindin kuwa toshe kafofin silin ne da ƙara abin riƙe ɗumi, aikin da ya fi dacewa da kaka.

Mota ba ta da wuyar sha'ani in an riga sanyi. Iskar taya tana raguwa da kusan ma'auni ɗaya na PSI, wanda ake auna iskar taya da shi, duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 10, a duba ta da safe kafin a tuƙa. Batirin da ya haura shekara uku a kai a gwada shi, don a sifiri yakan rasa wajen rabin ƙarfinsa daidai lokacin da man inji ya yi kauri. Ruwan wanke gilashi ya zama na hunturu, tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. Gada tana riga titi daskarewa saboda iska na bi ta ƙarƙashinta. Wanda ya maƙale ya zauna a cikin motar, ya share bakin salansa, ya tayar da inji minti goma a kowace awa, gilashi a ɗan buɗe.

Wajen kwashe dusa, a fita sau biyu ko uku tana kan sauka ya fi a jira ta gama. A tura, kada a ɗaga a jefa, mai ciwon zuciya kuma ya ba wani aikin. In injin kwashe dusa ya toshe, a kashe shi a zungura da sanda, domin fankar tana iya juyawa ko bayan an kashe, kuma yatsu da yawa sun tafi ta haka. A ajiye ƙarin ƙusoshin da aka yi don su karye in injin ya ci dutse. Gishirin hanya na yau da kullum yana sanyin aiki ƙasa da digiri 15, daga nan sai wani irin gishiri mai suna kalsiyam kulorayid, wanda ke narkarwa har wajen 25 ƙasa da sifiri. Kofin shayi ɗaya na gishiri ya ishi hanyar mota mai tsawon ƙafa 20, in an fara sharewa. Fiye da haka siminti yake ci, sauran kuma ya gangara magudana.

A cikin birnin Shikago an hana ajiye mota a wasu manyan tituna daga ƙarfe 3 na dare zuwa 7 na safe, daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu, ko da dusa ko babu. Garuruwan arewa kowanne da dokarsa, yawanci tana fara aiki ne idan dusa ta kai inci biyu, kuma an rubuta ta a allunan bakin titi. A karanta na titin gidanka tun Nuwamba, a yi rajistar saƙon waya na ƙaramar hukuma, don ta nan ake sanar da daren da za a janye motoci.