Wunin da na yi ina kallon fanda tana cin gora

Asabar, birnin Chengdu na ƙasar Sin.

Bayan sallar asuba ban koma barci ba, domin abokina mai karatun likitancin dabbobi ya ja kunnena tun jiya cewa duk wanda ya isa cibiyar kiwon fanda, dabbar nan mai launin fari da baƙi, bayan rana ta take, ba abin da zai tarar sai dabbobi a kwance. Cibiyar tana arewacin birnin, kuma an kafa ta ne a shekarar 1987 da fanda 6 da aka ceto daga daji. Mun shiga da sanyin safiya, daidai lokacin da ma'aikata suke zuba damman gora ɗanya.

Na fi awa guda a tsaye gaban guda ɗaya. Ta zauna daram a kan ɗuwawunta kamar mutum, ta miƙe ƙafafu, ta jawo sandar gora ta riƙa bi da ita ta bakinta tana tsige ganyen, tana tara shi a gefen baki. Da ya taru sai ta cire shi da hannu, ta dunƙule shi, ta shiga gutsura. Da ta koma kan tsiron gora kuwa, sai ta ɓare ɓawon da haƙori ta yar, irin yadda muke yi wa rake, kuma ana jin ƙarar taunar daga inda muke tsaye. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne riƙon, domin ban taɓa ganin dabba mai ƙafa huɗu ta damƙe sanda da hannu ɗaya haka ba.

Abokina ya ce, "Malam, ƙirga yatsunta." Na ƙirga biyar masu farata, sannan na ga wani tudu a gefen tafin, wanda shi ne yake tokare sandar. Ya bayyana mini cewa wannan ba yatsa ba ne, wani ɗan ƙashin wuyan hannu ne da ya girma ya zama kamar babban yatsa. A 2022 masana suka bayyana irin wannan ƙashi da aka tono a lardin Yunnan, na wani kakan fanda da ake kira Ailurarctos, wanda ya rayu shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Nasa ya fi na fandar yau tsawo. Na yau gajere ne mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe, kuma masanan suna ganin dalili shi ne hannun da take cin abinci da shi, da shi take taka ƙasa, don haka ƙashi mai tsawo zai hana ta tafiya.

A nan ne na fara fahimtar lamarin. Fanda 'yar dangin beyar ce, wato asalinta daga masu cin nama take, kuma cikinta bai bar wannan asali ba har yau. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya san girman tumbin saniya, ya san tana tuƙa, ciyawa tana daɗewa a cikinta ƙananan halittu suna narkar da ita. Fanda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Cikinta guda ne, hanjinta gajere, gora tana ratsa shi cikin kimanin rabin wuni, kuma abin da jikinta yake amfana da shi bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Na ga shaidar haka da idona a gefen shingen: kashinta kore ne, dunƙule-dunƙule, ana ganin gutsattsarin gora a ciki kamar ba a ci ba. Saboda haka dole ta ci kilo 12 zuwa 38 a rana, gwargwadon ɓangaren gorar da ta samu, ta kuma shafe fiye da awa 10 tana tauna.

Sauran jikin ne ya sauya ya ɗauki nauyin da cikin ya gaza ɗauka. Faɗin fuskar nan da yake sa mutane sha'awarta, naman muƙamuƙi ne mai ƙarfi da ƙashin da yake riƙe shi, turamen haƙoranta kuma faffaɗa ne na niƙa, ko da yake fiƙoƙin kakanninta suna nan. Har harshenta ya sauya. Bayan da aka karanta ƙwayoyin gadonta, an gano cewa ƙwayar da take sa dabba ta ji daɗin ɗanɗanon nama ta daina aiki, kuma an ƙiyasta hakan ya faru ne kimanin shekaru miliyan 4 da suka shige.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ta ajiye gorar, ta hau wani dandamalin katako ta kwanta. Na ji baƙi da dama suna dariya, wasu suna nuna ta da alamar wai malalaciya ce, kuma gaskiya abin bai yi mini daɗi ba. Wani bincike da aka fitar a 2015 ya nuna cewa ƙarfin da fanda take ƙonawa a rana kusan kashi 38 cikin 100 ne kawai na abin da ake tsammani ga dabba mai girmanta. Hantarta da ƙodarta da ƙwaƙwalwarta ƙanana ne idan aka gwada da jikinta, kuma sinadarin da yake fitowa daga ƙullin wuyan nan da kumburinsa yake kawo maƙoƙo, kaɗan ne a jininta. Kwanciyar nan tattali ce, irin na mai ƙaramin rumbu da yake auna hatsinsa har kaka.

A hanyarmu ta dawowa na tambayi abokina me ya kai mai cin nama ga abinci maras ƙarfi haka. Ya ce gora tana nan rani da damina a duwatsun Sichuan da Shaanxi da Gansu, ba ta gudu, kuma masu takara a kanta kaɗan ne. Ya ƙara da cewa a duwatsun Qinling an bi fanda an ga suna hawa sama suna bin sabon tsiro, saboda shi ya fi sinadarin gina jiki, har wani bincike na 2019 ya nuna kusan rabin ƙarfin da suke samu daga wannan sinadari yake, kamar na kyarkeci.

Abin da ya tsaya mini a rai yanzu da dare shi ne haɗarin dogara da abu ɗaya. Gora takan yi fure gaba ɗaya bayan shekaru masu yawa, sannan ta bushe, kamar yadda ya faru a duwatsun Qionglai a 1983. A da fanda sai ta sauka wani kwari ta nemi wani irin gora, amma gonaki da hanyoyin mota sun datse dazuzzuka da yawa. Ƙidayar da aka fitar a 2015 ta samu 1,864 a daji. Mun yi shawara da abokina cewa idan an yi hutu za mu je gandun dajin fanda na Wolong, in ga irin gangaren da gorar take fitowa a kai.