Kafin ka sa kaki, koyi rage tsawo

Samarin Damagaram masu burin shiga soja kusan duk abu ɗaya suke tanadi: ƙirji da damtse. Ka zaga da yamma daga Kara-Kara zuwa Garin Malam, za ka tarar da su ƙarƙashin rumfa, an cika manyan gwangwanaye biyu da siminti, an soka ƙarfe a tsakani, ana ɗagawa ana ƙirgawa. Ba laifi, ya fi zaman shan shayi a fada har dare. Amma dubi ƙafafun yawancinsu. Sama ya cika, ƙasa ba kome. Ni ma da irin wannan jikin na shiga, kuma ya ba ni kunya tun ba a je ko'ina ba.

A horon soja akwai darasin faɗa hannu da hannu. Ana koyar da shi don ranar da bindiga ta cije, ko mutum ya matso maka har ba ka da halin ɗaga ta, ko aka ce a kama wani da ransa. Mu kurata mun zaci da naushi za a fara, sai ga shi ana ta koya mana tsayuwa. Ni dogo ne, ina taƙama da tsawona, ga fareti ya saba mini da ƙamewa: ƙirji waje, gwiwa a miƙe, duga-dugai a haɗe. Haka na tsaya gaban wani gajeren yaro daga wajen Magarya, wanda kansa bai wuce kafaɗata ba. Ko hannu bai dunƙule ba. Ya lanƙwasa gwiwa, ya shigo ta ƙasana har ƙugunsa ya yi ƙasa da nawa, kafin in ankara ina kallon sama. Aka sake haɗa mu, na rungume shi ta sama da dukan ƙarfina, ya sake kai ni ƙasa. Sarjan ɗinmu bai tsaya dogon bayani ba, ya ce, "Dogo, rage tsawo."

Sai daga baya na gane dalili. Nauyin jikin mutum yana da matattara. In kana tsaye a miƙe, tana cikin ƙugu, ƙasa kaɗan da cibiya, wajen kashi 55 zuwa 57 cikin 100 na tsawonka in an auna daga ƙasa. Mai tsawon santimita 180, tasa matattarar tana kusan mita 1 daga ƙasa. Da za a saki igiya daga nan ta sauka tsaye, muddin ta faɗa cikin filin da ƙafafunka biyu suka kewaye, kana nan daram. Ta fita daga filin, ko ka ɗaga ƙafa ka bi ta, ko ka sha ƙasa. In matattarar tana sama kuma filin ƙarami ne, ƴar karkata kaɗan ta isa ta fitar da igiyar. In ta yi ƙasa, filin ya buɗe, sai an karkata ka sosai. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tanut ya ga manyan motocin nan masu tafiya Agadas, an yi musu lodi har ya ninka tsawonsu, mutane kuma zaune a can ƙololuwa. Direban kirki ya san buhunan hatsi da duro a ƙasa ake sa su, katifu da tabarmi a sama. Wanda ya juya tsarin, lanƙwasar hanya ɗaya mai yashi za ta kwantar da shi.

In kana son ka ji abin a jikinka, jingina da bangon ɗakinku, duga-dugai da ɗuwawu manne da bango, ka ajiye makulli a gaban yatsun ƙafarka, ka ce za ka ɗauka ba tare da ka lanƙwasa gwiwa ko ka matsar da ƙafa ba. Ba za ka iya ba. Kullum in ka duƙa, ƙugunka yana ja da baya ba ka sani ba, don ya rama nauyin kai da kafaɗu da suka yi gaba. Bango ya hana shi, igiyar ta wuce yatsunka.

Nan na yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farko haɗari. Da aka ce in rage tsawo, sai na karya ƙugu na sunkuya, gwiwoyi suna nan a miƙe, ido a ƙasa. A ganina na sauka. Alhali kaina kawai na miƙa wa abokin karawa. Hannu ɗaya ya ɗora mini a ƙeya ya ja, na tafi da fuska. Wata rana ana gwaji a hankali, gwiwar wani ta tsaya dab da hancina, sarjan ya ce kowa ya tsaya ya gani. Da faɗan gaske ne, da nan aka gama da ni. Saukar gaskiya a gwiwa da kwankwaso take. Ƙugu ya yi ƙasa ya ɗan yi baya, gadon baya a miƙe, haɓa a ɗan noƙe amma ido yana kan ƙirjin mutum, hannuwa a sama kusa da fuska. Ƙafafu su buɗe faɗin kafaɗa ko fiye kaɗan, ɗaya gaba ɗaya baya, nauyi ya ɗan rinjaya wajen gaban tafin ƙafa, ba kan dunduniya ba.

Na san inda na kwaso sunkuyon nan: kallon kokowa ne ba tare da lura ba. Mu da muka tashi muna cika filin kokowa na Langa-Langa, muna bin gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, da aka fara a Tawa a 1975, mun saba ganin ƴan kokowa sun duƙa, kai kusa da kai, kowa yana lalubar hannun ɗan'uwansa. Abin da idon yaro ba ya kamawa shi ne gwiwoyinsu a lanƙwashe suke, ƙugu ya yi can baya, bayansu a shimfiɗe ba a ƙudundune ba. Sannan a kokowa ba naushi, ba gwiwa a fuska, shi ya sa suke iya kai kai gaba haka hankali kwance. Kowane wasa tsayuwarsa daga dokarsa take fitowa. Abdul Razak Alfaga, wanda ya kawo wa Nijar lambar azurfa daga gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya kuma ci kambun duniya a 2017, tsaye yake wasansa, don a taikwando ba a yarda a kama ka a ɗaga ba. Masu judo kuwa, tun Jigoro Kano da ya kafa makarantarsa a Tokiyo a 1882, abin da suke fara nema shi ne su gusar da mutum daga kan ƙafafunsa, sannan jifa ta biyo. Soja ba shi da alƙalin wasa. Dole ya sauka kamar za a kama shi, ya kuma tsare fuska kamar za a naushe shi, duk a tsayuwa guda.

Ga kuma kaya. Ɗan kokowa da ɗan wando da layu yake shiga. Kai kuwa hular kwano ta wuce kilo 1, rigar sulke mai faranti kan kai kilo 10, kalashinkof da harsasanta wajen kilo 4, kowace litar ruwa kilo 1 ce, ga jakar baya. Kusan duk wannan nauyin sama da ƙugu yake, jakar ma tana janka baya. Tsayuwar da ta ishe ka da singileti ba ta isarka da kayan aiki. In kuma ka faɗi da su, tashi aiki ne, kuma ba kullum kan rairayi mai laushi ake faɗuwa ba. Wanda ya san duwatsun unguwar Birni ya san abin da ƙeya za ta tarar.

To, tsugune ba ta ƙare ba. Da na gane amfanin sauka sai na wuce gona da iri. Na riƙa buɗe ƙafafu kamar zan hau raƙumi, ina sauka har cinyoyina suna rawa. Gaskiya turo ni ta gaba ya yi wuya, amma ni ma na kasa motsi, kafin in ɗaga ƙafa ɗaya an zagayo ta bayana. Kuma kowace tsayuwa tana da gefen da take da rauni. Ka ja layi daga ƙafa zuwa ƙafa: ta tsawon layin kana da ƙarfi, ta gicciyensa ba ka da shi. Wanda ya jera ƙafafu gefe da gefe, ta gaba ko ta baya ake ture shi. Wanda ya sa ɗaya can gaba ɗaya can baya kan layi guda, ta gefe. Gwada da abokinka, da yatsa biyu zai gusar da kai in ya samu gicciyen. Maganin shi ne taku gajere, ƙafa tana jan ƙasa, ba ta haye ƴar'uwarta, ƙugu bai tashi ba yayin da kake tafiya. A wannan zarmewar ce na bar gwiwata tana faɗawa ciki maimakon ta bi saitin yatsun ƙafa, har yau in sanyin hunturu ya shigo tana tuna mini.

Abu na ƙarshe da ba wanda ya gaya mini shi ne gajiya ce ke miƙar da mutum. A farkon karawa kowa yana ƙasa. Da cinya ta fara zafi, gwiwa ta miƙe da kanta, a lokacin ake kayar da yawancin mutane. Saboda haka ka raba lokacin ɗaga ƙarfenka biyu, rabi na ƙafa ne. Tsuguna-tashi a hankali, dunduniya ba ta barin ƙasa. Jingina baya da bango kamar kana kan kujera, ka ƙirga, gobe ka ƙara. Ka yi taku gaba, baya da gefe cikin yashi kana ƙasa, da jaka mai ƴan kiloli a bayanka. Gwajin ture-ture kuwa a kan rairayi ake yi, da wanda kuka yi shiri, kuma a gaban wanda ya iya, don ya fara koya muku faɗuwa: haɓa a ƙirji, kada a tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu. In gwiwa ta yi ciwo mai suka ko ta kumbura, ka dakata ka je asibiti a duba ta tun kafin ranar awon ɗaukar soja.