Kwafi na bakwai

Jiya na miƙa katin shiga, na kwashe takarduna a kwali biyu. Shekara biyar ke nan ina zama a kujerar bayan jakada a Taron Kwance Damara na Jeniba, ina miƙa takarda ta kan kafaɗa, ina rubuta abin da kowa ya faɗa duk da na san bara ma shi ya faɗa. Waɗanda muka sha zaman taron na ranar Talata tare sun san wannan, ba sai na maimaita musu ba. Abin da ya same ni a shekarata ta biyu nake so in rubuta, don har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Na iso da ɗoki, ba zan ɓoye ba. Ranar farko na yi ta kallon zanen José María Sert, mai zane ɗan Sifaniya, da ke jikin bango da rufin zauren taron, ruwan zinariya da ƙasa-ƙasa, ƙattin mutane suna ta faman ɗaga kaya. Na ce a raina nan aka rubuta yarjejeniyar haramta makamai masu guba, nan aka rubuta ta hana gwajin nukiliya. Ban tsaya na lissafa ba cewa ta biyun tun 1996 ce, kuma ita ma Indiya ta hana ta fita da yardar kowa, sai da Ostareliya ta ɗauke ta ta kai Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga nan zauren bai sake haihuwa ba. Ƙasashe 65 ne a taron, ko jadawalin aiki ba ya wucewa in ɗaya ta ce a'a, shugabanci kuma yana juyawa duk mako huɗu. Kafin shugaba ya gama gaisawa da mutane wa'adinsa ya ƙare.

A wannan shekarar wasu tawagogi kaɗan daga ɓangarori daban-daban suka haɗu a gefe, suka ce bari a gwada rubuta wa shugaban taron mai zuwa wata takarda da ba ta hukuma ba, ko za ta zama tsani. Maigidana, wato jakadanmu, shi ne ke haɗa kan mutane, ni kuma aka ba ni alƙalami. Rigimar dai ita ce wadda aka daɗe ana yi. Batutuwa huɗu ne: kawar da makaman nukiliya, hana sarrafa sinadarin da ake haɗa su da shi, hana tseren makamai a sararin samaniya, da ba ƙasashen da ba su da makamin tabbacin ba za a harba musu ba. A kan wanne za a zauna a ƙulla yarjejeniya, a kan wanne za a tsaya a musayar ra'ayi? Da Hausa duka biyun tattaunawa ne. A Turancin zauren kalmomi biyu ne, kuma tsakaninsu ne aka binne fiye da shekara ashirin.

Mako uku muka yi muna sassaƙa jimla ɗaya. A kwafi na shida, ɗaya daga cikin batutuwan yana ɗauke da kalmar ƙulla yarjejeniya. A na bakwai aka sassauta ta, bayan maigida ya sha kofi har sau uku da jakadan wata ƙasa da ba zan ambata ba. Daren Laraba, cikin sanyin Fabrairu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya kira ni ya ce a tura wa kowa yanzu. Na buɗe na shida don in ɗauko wani sakin layi da aka gyara masa lamba, idona ya yi nauyi, na adana shi da sunan na bakwai. Na tura wa maigida tukuna, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Minti biyu amsa ta dawo: "Ya yi, tura." Shafi uku ne. Na tura.

Da safe, a ƙaramin ɗakin da muke haɗuwa, wannan jakadan ya tsayar da allon sunan ƙasarsa, alamar neman izinin magana, tun kafin a gama zama. Bai ɗaga murya ba. Ya sa tabarau, ya karanta jimlar a hankali, ya sake karantawa, ya ce tun daren jiya ya aika da ita gida, kuma umarnin da ya samu bai bar masa wurin motsi ba. Ya ƙara da cewa ya yi zaton an yi magana ta amana. Ɗakin ya yi tsit, har ƙarar na'urar ɗumama ɗaki ana ji. Ni kuwa na riga na gane, don na ga kalmar a takardar da ke cinyata, gumi yana bin bayana a cikin kwat.

Maigida bai ko waiwayo ba. Ya ce yana ba da haƙuri bisa sakacin wani ƙaramin ma'aikaci, kuma za a ɗauki mataki. Mutum biyu ne kawai a tawagarmu a ɗakin.

A mota na ce, "Yallaɓai, na turo maka kafin in aika." Ya ce, "To aikina ne in karanta maka waƙafi?" Daga nan har ofis bai sake cewa uffan ba. Aka rubuta a takardar auna aikina ta shekara cewa ba ni da natsuwa. Aka karɓe alƙalamin. Shekara guda cur aikina kama ɗakin taro da karɓo takardu, ina wuce ɗawisun da ke yawo a harabar Majalisar ina jin sun fi ni amfani a wurin.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Wanda ya riƙe alƙalami shi ke da kalmar. Amma shekara talatin da mutum ya yi yana wannan aiki ya kamata ta koya masa cewa shafi uku ba sa karantuwa a minti biyu, kuma babba ba ya miƙa yaronsa a gaban baƙi don ya tsira da rigarsa.

Bayan wata takwas, a wurin shan kofi, ƙaramin jami'in waccan tawagar ya zauna kusa da ni. Tsararmu ɗaya, shi ma ɗan kujerar baya ne. Ya juya cokali ya juya, sannan ya ce umarninsu ya iso kwana uku kafin in tura komai, kuma ko na bakwan na gaskiya ne ya je ba za su karɓa ba. "Ka dai rage mana wahalar neman dalili," in ji shi. Mai neman kuka ne na jefa da kashin awaki. Na yi dariya a gabansa, na koma gida ban iya cin abinci ba.

Sai a lokacin na sake karanta tarihin zauren da wani ido. A 29 ga Mayu 2009, ƙarƙashin jakadan Aljeriya Idriss Jazairy, kowa ya amince da jadawalin aiki, aka yi tafi. Kalmomi sun zauna daram, amma ba a fara komai ba, don Pakistan ta tsaya a kan cewa yarjejeniyar da za ta hana sarrafa sabon sinadari ta ƙyale wanda aka riga aka tara za ta bar ta a bayan Indiya har abada. Wannan tambayar tun rahoton jakadan Kanada Gerald Shannon na 1995 aka bar ta a buɗe. A Agusta 2022 a New York, mako huɗu aka yi ana bitar yarjejeniyar hana yaɗuwar nukiliya, daren ƙarshe Rasha ta ƙi takardar saboda abin da ta ce kan tashar nukiliya ta Zaporizhzhia da ke Ukraine. A bitar 2015 kuma Amurka da Birtaniya da Kanada ne suka ƙi, kan batun Gabas ta Tsakiya. Ba a zauren gizo ke saƙa ba, a manyan birane ne, inda ake ƙirga makaman maƙwabci.

To in haka ne, me ake ciniki a kai a ɗakin da aka san ba za a cimma komai ba? Laifi ake ciniki. Kowace tawaga ta zo ne don idan an tashi hannu rabbana kada a ce ita ta kashe. Da na tura takardar da ta dace, da dole jakadan nan ya ƙi ta da bakinsa, a gaban mutane, bayan an ba shi abin da ya nema. Kuskurena ya ɗauke masa wannan nauyin ya ɗora mana. Asarar ke nan ta gaskiya, ita ce nake jin kunyarta. Kuma ina da yaƙinin maigida ya san umarnin nan ya iso, don shi da jakadan ba sa ɓoye wa juna irin wannan. Ya bar ni ina ɗauke da gawar da ya san ba ni na kashe ba.

Sauran abin da na koya gajere ne. In jakada ya ce zai aika gida, ya riga ya ƙi. A yi abota da masu fassara da 'yan kujerar baya, su ke fara jin ƙamshin abin da ke zuwa. Kada a tura takarda bayan ƙarfe goma na dare, ko wa ya kira. Abin da ya motsa kuwa a waje ya motsa: yarjejeniyar Ottawa ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane a 1997, wadda ƙatuwar kujerar nan mai karyayyar ƙafa da aka kafa a ƙofar Majalisar take tunawa da ita, da ta haramta makaman nukiliya da ƙasashe 122 suka jefa wa ƙuri'a a Yuli 2017. Sai dai babu ƙasa ko ɗaya mai makamin da ta shiga ta biyun, don haka masu yi wa zauren dariya su ma su rage murya.

Da aka canza jakada aka maido min da alƙalamin. A shekara biyun ƙarshe, ƙananan jami'an wasu tawagogi kan kawo min rubutunsu in duba kafin su kai wa iyayen gidansu. Ban taɓa gaya musu dalilin da ya sa nake bin kowane layi da kan biro ba.

Jiya da nake share durowa na ga saƙon nan da na buga a takarda tun wancan lokacin, da lokacin da na tura da lokacin da aka amsa. Na daɗe ina riƙe da shi a kan injin yayyaga takardu. Yana cikin kwali na biyu, ƙarƙashin kofina.