Kira na biyu: abin da Goggo ta koya mini a teburin birij

A shekarata ta biyu ta karatu a wani gari da ke arewacin Ingila, sanyi da kaɗaici suka kora ni wani zaure da dattawan unguwa ke taruwa kowace Talata da daddare suna buga birij, wani wasan karta na mutum huɗu, biyu-biyu. Ban gaya wa mutanen gida ba a lokacin, don a wurinmu da an ce karta sai kunne ya ji caca. Alhali a zauren nan ko sisi ba a ajiyewa. Ana raba katunan sau ɗaya, a zuba su cikin wani ɗan faranti mai aljihu huɗu, farantin ya yi ta zaga tebura, a ƙarshe a gwada abin da kuka samu da abin da wasu suka samu da waɗannan katunan dai. Ba mai cewa sa'a ce ta ƙi shi.

Aka haɗa ni da wata tsohuwar malamar lissafi da ta yi ritaya. Na laƙaba mata Goggo, ta tambayi ma'anarsa, ta karɓa. Ita ta koya mini ƙidayar nan da ake jingina wa Milton Work, wani gwanin birij ɗan Amurka: as maki 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimillar katunan duka maki 40. In ku biyu kun haɗa kamar 25, ya kamata ku kai gem, wato ku yi alkawarin ci 9 cikin 13 ba tare da gidan yanka ba (shi ake rubutawa 3NT), ko ci 10 a hat ♥ ko sifed ♠, ko ci 11 a dayamon ♦ ko kulob ♣. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi tayi kamar a kasuwar kara, kowane kira ya ɗara na baya. Lambar da ke jikin kira ana ɗora ta ne a kan ci 6, shi ya sa 3NT ke nufin ci 9; darajar gidaje kuma daga ƙasa zuwa sama ita ce ♣, ♦, ♥, ♠, sannan NT. Tsarin da muke bi shi ne Acol, wanda ya samo suna daga wani titi a arewacin Landan inda aka ƙirƙiro shi a shekarun 1930.

Buɗe tayi bai taɓa ba ni wahala ba. Kana da maki 12, ka kira gidanka mafi tsawo, shi ke nan. Amma wanda ya ce 1♣ yana iya zama mai 12, yana iya zama mai 19, kuma abokinsa da ya amsa da 1♠ yana iya zama da 6 kacal ko 16. Sallama kawai aka yi, ba a faɗi abin da ke tafe da kowa ba. Sai a kira na biyu mai buɗewa ke buɗe cikinsa, kuma a nan na shafe watanni ina tuntuɓe.

Hannun da ban manta ba shi ne wannan:

♠ 4
♥ A K J 5
♦ K 8 3
♣ A Q 10 6 2

Maki 17. Na buɗe da 1♣, Goggo ta ce 1♠. Na dubi sifed ɗina guda ɗaya tal, gabana ya faɗi, na ce a raina gidajenmu ba su dace ba, gara in yi a hankali. Na zaro 2♣ daga akwatin kira na ajiye. Ta wuce. Da ta shimfiɗa katunanta sai ga maki 9: as ɗin sifed, sarauniyar hat, sarauniyar dayamon, jak ɗin kulob. Na ci 10 cikin sauƙi, muka rubuta 130. Da aka buɗe takardar sakamako, kusan kowane tebur 3NT ya kira, 400 ko fiye.

Goggo ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta ce, "Yaro, ka ce mini kana da 12 zuwa 15, ni kuma na yarda da kai. Laifina ke nan?"

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni a tunanina tawali'u na yi. An rene mu a kan kada ka yabi kanka, kada ka nuna abin hannunka, in an tambaye ka kasuwa ka ce da godiya ko da ka sayar da komai. Wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure. A teburin birij kuwa abokiyar wasata ba ta ganin katunana, ba ta da wata hanyar sanin ƙarfina sai abin da na faɗa, kuma doka ta hana in yi mata alama da fuska ko murya. Rage kaina da na yi, labarin ƙarya na ba ta, a kansa ta yanke hukunci. A makon ne na lura haka nake yi wa malamin da ke duba bincikena: in ya tambayi inda aiki ya kai sai in ce ana dai ƙoƙari, shi kuma ya ɗauka ban yi nisa ba, ya ƙi ba ni mataki na gaba.

Kiran da ya dace da wancan hannun shi ne 2♥, abin da 'yan wasan ke kira ribas, kalmar da direbobinmu suka sani. Ka fara da ƙaramin gida, sannan ka kira wanda ya fi shi daraja a mataki na biyu. Dalilin da ya sa yake buƙatar ƙarfi lissafi ne kawai. In na ce 1♥ sannan 2♣, abokina na iya mayar da ni 2♥ ba tare da an hau sama ba. In kuwa na ce 1♣ sannan 2♥, kuma shi kulob ya fi so, dole ya ce 3♣, alkawarin ci 9 ke nan, alhali wataƙila maki 6 gare shi. Wanda zai ja abokinsa zuwa can sai ya zama da 16 ko fiye, gidansa na farko ya fi na biyu tsawo. Kuma ribas kiran dole ne: abokinka ba ya wucewa, sai ya sake magana ko da sau ɗaya.

Da na gane wannan sai na zama kamar yaron da aka saya wa sabon keke. Makonni biyu bayan nan na yi ribas da maki 13, Goggo ta kai mu 3NT da zuciya ɗaya, muka faɗi da ci biyu. A kan wannan ba ta ce komai ba, shirun ya isa.

Darasin da ya fi wuya ya zo daga baya, kuma shi ne har yanzu nake ganin sababbin 'yan wasa ba sa kamawa da wuri. Na ɗauki:

♠ K 4
♥ A K Q 10 8 3
♦ 7 2
♣ A K 5

Maki 19, ga hat shida masu ƙarfi. Da yake mun yarda tun farko cewa buɗewa da 2♥ na mai raunin hannu ne, na buɗe da 1♥. Ta ce 1♠. Wannan karon na ce ba zan ɓoye ba. Na ajiye katin dakatawa da ake nunawa kafin tsalle, wato tsallake mataki a kira, na kira 3♥ ina jin kaina. Ta yi ɗan tunani, ta wuce. Na ci 11.

Na fusata, na ce, "Goggo, ai tsalle na yi!" Ta ce tsalle a gidanka na farko 16 ne zuwa 18 da kati shida, gayyata ce, mai maki 6 yana da ikon ƙin amsawa. Sannan ta ba ni tambayar da ta gyara mini wasa gaba ɗaya: kafin ka taɓa akwatin kira, tambayi kanka, in abokina ya wuce a nan, zan ji haushi? In za ka ji, to wannan ba kiranka ba ne.

Nan na fahimci cewa tsayin kira da nauyinsa ba abu ɗaya ba ne. 3♥ ya fi 3♣ tsayi, amma 3♥ ana iya barin ka a kansa, 3♣ kuwa, da yake tsalle ne zuwa sabon gida, ya ɗaure ku duka biyu har sai kun kai gem. Da wancan hannun ko dai in ce 4♥ kai tsaye, ko in ce 3♣ duk da kulob uku gare ni ba huɗu ba. Na ce mata wannan ai ita ce ƙaryar da kika hana ni. Ta ce a'a, akwai bambanci: ka ƙara wa ƙaramin gida kati ɗaya, da wuya abokinka ya nace sai an je 5♣, kuma kana da damar komawa hat a zagaye na gaba. Amma in ka rage ƙarfinka aka wuce, babu zagaye na gaba. Ni dai a ganina 3♣ ya fi, domin 4♥ yana cinye filin da za ku bincika silam, wato alkawarin ci 12 ko 13, in abokin naka mai 12 ne ba mai 6 ba. Akwai dattawa a zauren da ba su yarda da ni ba har na bar garin.

Sauran hannaye ba su da wannan rikici. In abokinka ya kira hat ko sifed kuma kana da huɗu a ciki, ka daina neman wani abu, ka ɗaga shi: zuwa 3 da 16 zuwa 18, zuwa 4 in ka fi haka. In hannunka daidaitacce ne, ba dogon gida ba gajere, NT ke faɗin makinka. Sai dai a nan ka san da wa kake zaune. A Acol buɗewa da 1NT 12 ne zuwa 14, saboda haka 1NT a kira na biyu na mai 15 ne zuwa 16 ko 17. A tsarin Amurka abin a juye yake: buɗewa 15 zuwa 17, kira na biyu 12 zuwa 14. Na taɓa zama da wani baƙo a intanet ba mu yi wannan maganar ba, na ce 1NT da maki 16, ya wuce da 10 hankalinsa kwance.

Talatar ƙarshe kafin in dawo gida, na sami maki 17 da dayamon biyar da hat huɗu. 1♦, ta ce 1♠, na ajiye 2♥ ba tare da na tsaya shawara ba. Ta sake kiran sifed, na ce 2NT, ta ɗaga zuwa 3NT. Na ci 10, muka rubuta 430, na ɗago kai ina jiran yabo. Goggo tana mayar da katunanta cikin faranti ta ce, "Kiran ya yi. Amma da ka fara jan dayamon kafin hat, da 460 ne."