Yadda Tantan Ɗin Alhaji Ya Hana Ni Barci

Garejina yana nan Daura, a kan hanyar Mai'adua, kuma aikinmu ɗaya ne: tsofaffin tantan da injinan gas. Wanda wasu suka ce a kai shi wajen 'yan gwangwan, mu shi muke tayarwa.

Kafin faɗuwar damina wani Alhaji daga Sandamu ya jawo mana Massey Ferguson 135 da ya gada wajen mahaifinsa. An ƙera irin wannan tsakanin 1964 da 1975, da injin Perkins mai silinda uku, kuma har gobe ban ga injin da ya kai shi haƙuri ba. Ya shekara shida a ƙarƙashin darbejiya, kaji har ƙwai suke yi a kujerarsa. Muka sauke injin, muka sa sabbin fistin da ringi da hannun riga (bututun da fistin ke kai-komo a cikinsa), aka wanke bawul, aka sa sabon gaskit da nozul uku, wato bakin injekta mai fesa gas cikin silinda. Na ɗaure shi da hannuna, ban bar wa yara ba.

Bugu ɗaya ya tashi. Amma ko minti biyu bai yi ba na ji abin da ba na so. Injin yana tsallake, yana ɗingishi kamar jakin da ya taka ƙaya, salansa na tofar da farin hayaƙi mai yaji a ido. Farin hayaƙi irin wannan, mai warin gas, man da bai ƙone ba ne.

Alhaji na zaune a benci ya ce, "Malam, ai famfon ne. Wani yaro a garinmu ya ce a canza famfo kawai." Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa gobe." Famfon tura gas na kamfanin CAV da ke jikin injin nan ba abin da ake taɓawa da ka ba ne, kuma sau nawa ana kawo mini tantan an kashe kuɗin famfo a banza, ciwon yana nan inda yake.

Wannan haƙurin a wajen maigidana na koya, Allah Ya jiƙansa, a Katsina wajen Ƙofar Ƙaura. Shekara biyu ina wankin ƙarafa da kananzir kafin ya bar ni na riƙe sifana. Yakan ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji, ya manna mini ƙotar a kunne, ya ce, "Faɗa mini wanne ne ke ƙarya." In na yi kuskure sai ranƙwashi. A lokacin haushi nake ji, yau kuwa da kunnen nan nake ci da iyalina.

Na fara da mai sauƙi. Na tsiyaye tanki don in ga ko akwai ruwa ko an gauraya gas da kananzir, mai ya fito tas. Na fitar da iska daga filta da famfo har kumfa ta ƙare. Na sake auna tazarar bawul da inji a sanyaye, 0.30 na milimita, duka shida daidai. Daga nan na tayar da shi, na riƙa sassauta notin bututun kowace injekta ɗaya bayan ɗaya. Na sassauta ta ɗaya, inji ya nemi mutuwa. Ta uku ma haka. Da na zo ta biyu, ko gezau, muryarsa ba ta canza ba. To, ga maƙaryacin.

Saura a san ko silindar ce ko injektar. A daren nan sai juyi nake, ina tunanin ko ringi na karya wajen sawa. Da asuba na musanya injekta ta biyu da ta uku. Ciwon ya tashi ya bi ta zuwa silinda ta uku. Na yi hamdala, aikina lafiya lau yake.

Na ɗora ta a kan na'urar gwaji na danna. Nozul mai kyau feshi take yi kamar hazo, da 'yar ƙara mai kaifi, ta yanke tsaf. Wannan kuwa tsartuwa take yi gefe guda, bakinta na ɗiga. (Kada wanda ya kai hannu gaban feshin nan, yana huda fata.) Sabuwa ce fa, a kwalinta, daga wani mai kaya a Kano da na daɗe ina ciniki da shi. Jabu ce aka sa wa rigar asali. Da na kira shi cewa ya yi, "Oga, haka kamfani ya kawo." Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya: kai ka yi aikin sati uku, ƙarfe ɗan yatsa guda ya zubar maka da mutunci, mai tantan kuma ba mai kaya ya sani ba, kai ya sani.

Na cire duka ukun, na samo na asali, na gwada kowacce a gaban Alhaji. Injin ya daidaita, hayaƙi ya washe. Duk da haka sai da ya ce, "Malam, a rage mini wani abu mana, ai kwana biyu aka ƙara mini." Na ce, "Alhaji, kuɗin famfon da ban sa ka saya ba, shi ne ragin." Ya yi dariya ya biya.

Ruwan farko da ya sauka, yaronsa ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, tantan na jan haro a gonar gero. Tun daga ranar kowace nozul da ta shigo garejin nan, ko daga ina ta fito, sai ta hau na'urar gwaji kafin ta shiga inji.