Lissafi Ɗaya, Amsa Biyu

Mako uku na kwashe ina farautar kuskuren da babu shi. Lokacin ina aikin digiri na biyu a fannin fiziks, a ɗakina da ke Rijiyar Zaki, cikin zafin Afrilu, fankar kwamfutar sai gurnani take kamar za ta tashi sama.

Matsalar tsohuwa ce. Tun 1937 masana kimiyya de Boer da Verwey suka lura sinadarin nikel oksaid ba ya barin lantarki ya wuce, alhali a lissafin zamanin kamata ya yi ya bari. Nevill Mott ya ce ƙiyayyar da ke tsakanin ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, ita ce sila. Ɗauki sinadarin kamar gidan haya, ilektoron kuma 'yan haya: kowane ɗaki na cin mutum biyu, amma ɗaya ne a ciki, kuma 'yan hayar ba sa ga maciji da juna. Mai son motsawa sai ya kutsa ɗakin wani. In gabar ta yi tsami, kowa ya lafe a nasa, lantarki ya tsaya cik. Samfurin Hubbard na 1963 ya dunƙule wannan a lamba biyu: t, sauƙin tsallakawa, da U, tsadar haɗa ɗaki.

Warware shi kai tsaye ba wasa ba ne, ɗaki 16 kaɗai na haifar da tsarin zama iri-iri sama da biliyan 4. Shi ya sa na koma wata hanyar kimantawa da ake kira DMFT, inda ake ba kwamfuta hasashen farko ta yi ta gyarawa har amsa ta daina sauyawa.

To, a kan U ɗaya tak, yau ta ce mini ƙarfe mai barin lantarki ya wuce, gobe ta ce mai toshe lantarki. Na bi shirin kwamfutar layi-layi, har zargin ɗauke wuta na yi.

Da na gaji na kai wa malamina. "Malam, abin nan ya ƙi tsayawa a kan magana ɗaya."

Ko kallon shirin bai yi ba. "Daga ina ka faro kowanne?"

Shiru na yi. Ɗaya na hauro da U daga ƙasa, ɗaya na gangaro daga sama. Ya ce in zana su a takarda guda. Sai ga layukan sun rabu a tsakiya, sun sake haɗewa. Ashe akwai yankin da amsoshin biyu ke zama tare, kuma a zahiri ma haka ake gani: sinadarin banadiyam dayoksaid yana juyewa daga mai toshe lantarki zuwa ƙarfe a zafin wajen digiri 68 na Selsiyas, amma inda yake juyewa in ana ɗumama shi daban da in ana sanyaya shi.

Yanzu kowane lissafi sau biyu nake yin sa, hawa da sauka, ko da batirin zai mutu kafin asuba.